Likita a cikin waya: wa yake samunsa a birnin Zazzau?

Daga Ƙofar Doka zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba wata tafiya ce mai nisa ba, amma ga iyalin da ke jinyar mai taɓin hankali, kuɗin mota da na kati da na magani kan sa ta gagara. Idan ciwo ya tsananta, sai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Likitocin wannan fanni a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200, kuma wasunsu na ta ficewa ƙasashen waje.

Wannan ƙarancin ne ya sa ganin likita ta waya ya samu karɓuwa tun kullen korona na 2020. Amfaninsa a fili yake. Mai jin kunyar a gan shi a layin asibitin ƙwaƙwalwa yana iya bayyana damuwarsa daga ɗakinsa. Sai dai waɗanda suka fi cin moriyar abin su ne malamin jami'a a Samaru da ɗalibin harabarta ta Kongo, masu babbar waya da Turanci, wato waɗanda dama asibiti bai yi musu nisa ba.

A cikin ganuwar birnin Zazzau lamarin daban ne. Gidaje da yawa ƙaramar waya gare su, ga rashin wutar caji, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Abin da ya fi damuna shi ne halin mata. Maijegon da damuwa ta kama, ba barci ba cin abinci, idan wayar ta maigida ce ko ta ɗanta, ina za ta samu sirrin faɗin abin da ke ranta? Mutanen karkara kuwa sun ga abin da ya fi haka a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a sassan jihar Kaduna, har da yankin Giwa.

Abin da ke isa ga jama'a da Hausa, ta WhatsApp da TikTok, yawanci tallar masu maganin aljanu da sammu ne. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma mai talla ba ya tura kowa Shika. Haka ake ɓata watanni har ciwo ya yi nisa, wani ya ƙare a gidan mari irin na Rigasa a Kaduna, inda aka kuɓutar da mutum sama da 300 a Satumbar 2019.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. A ganina can ya kamata wayar ta fara aiki. A horar da ma'aikaciyar asibitin unguwa, a ba ta waya da data, ta saurari majinyaciya da Hausa, sannan ta kira likita a Shika ya faɗa mata maganin da ya dace da ranar da za a kawo majinyaciyar.