Ziyarar Tsibiran Yawuri: Ruwa, Jirgi da Katantanwa

Ɗalibin da ya tashi a Giwa Tazo ko Aliero, in an ce masa tsibiri, sai hankalinsa ya tafi teku. Alhali kuwa idan ya shiga mota a Jega ya bi babbar hanyar da ta ratsa Maiyama da Koko, cikin 'yan sa'o'i zai sauka Yelwan Yawuri, bakin kogin Neja, wanda mutanen wurin ke kira Kwara. A nan ne tsibirai suke, su ake kira gungu, mazaunansu na asali kuwa Gungawa. Da yawa daga cikin tsofaffin tsibiran sun nutse a shekarar 1968 da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, har aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni, amma akwai sauran da ake zuwa cikin jirgi. Magidanci ko malamin da ke son kai yara can, wajibi ne ya fara da sanin halin ruwan.

Kwara tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko, wato farin ruwa, tana zuwa ne wajen watan Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da aka yi a ƙasashenmu, yumɓun da ya kwaso ne ke sa shi fari. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali inda laka ke kwantawa, sannan ya iso nan cikin hunturu, garai da shi. Saboda haka a hutun Disamba kogi cike yake, gaɓa kaɗan ce, ga hazo. Daga watan Maris ne ruwa ke ja da baya, rairayi ya fito fili. A ganina ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ya fi dacewa, muddin za a yi sammako, don zafin rana yakan haura digiri 40, kuma guguwar farkon damina da la'asar ta fi tasowa.

Batun jirgi ba na wasa ba ne. Jirgi yana tsayawa bisa ruwa ne domin yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan duk buhun hatsi mai kilo 100 da aka ɗora, sai jirgi ya ƙara nutsewa har ya ture lita 100. In bakinsa ya kusa ruwa, igiya ƙarama ta isa ta cika shi. Ga kuma kututturan itatuwan da tabki ya shanye, waɗanda ke matsowa sama idan ruwa ya janye. A watan Mayu na 2021 wani jirgi maƙare da fasinja ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, fiye da mutum 100 suka salwanta. Mai iyali ya dubi bakin jirgi kafin ya biya kuɗi, kowane yaro ya sa rigar kariya daidai jikinsa, a kuma dawo kafin magariba.

To, an sauka gungu. Yaro ba zai yi taku goma ba sai ya duƙa ya tsinci ɓawo, a nan ne kuma darasin yake. Ɓawon iri biyu ne. Akwai kumba, mai marfi biyu kamar ƙyauren ƙofa, cikinta na sheƙi. Dabbar da ke ciki tace ruwa take yi ta ci ƙananan halittu, kuma 'ya'yanta kan maƙale a jikin kifi na wani lokaci, kifin ya kai su nesa kafin su faɗo. Wata danginta mai suna Etheria elliptica tana liƙe wa dutse, shi ya sa ɓawonta ba shi da siffa ɗaya, yadda dutsen yake haka take. Layukan da ke bayan kumba alamar girmanta ne, kowane ɗaya tsohon bakin ɓawon ne. In aka ɗiga ruwan lemon tsami a kai za a ga kumfa, domin ɓawon sinadarin kalsiyam kabonet ne, irin na dutsen farar ƙasa, tsami kuwa yana fitar da iskar kabon dayoksaid daga cikinsa. Wannan gwaji ne da kowace makaranta za ta iya yi ba da ko kwabo ba.

Iri na biyu shi ne katantanwa mai murɗiya, gidan dodon koɗi. Mai karatu ya riƙe ta tsininta na sama, bakinta na fuskantarsa. Yawanci bakin yana dama. Idan ƙarama ce, ba ta fi ƙwayar wake ba, ɓawonta marar kauri, bakinta kuma yana hagu, to mai yiwuwa Bulinus ce. Kada a ruɗe da Lanistes, wadda ita ma bakinta na hagu, amma babba ce, kuma mai ranta tana da murfi a baki. Bulinus ita ce masaukin tsutsar tsargiya, Schistosoma haematobium, wadda likitan nan Bajamushe Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851.

Ga yadda abin ke gudana. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ɗan da ya fito ya nemi Bulinus ya shige ta. Cikin makonni huɗu zuwa shida sai ya hayayyafa, dubbai su riƙa fitowa ruwa, musamman da rana tsaka, lokacin da yara suka fi son wanka. Ba a ganinsu da ido, ba kuma sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga cikin 'yan mintoci. Sukan girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, bayan kamar wata uku sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyuka ana ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne da ke lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe, kuma maganinsa, praziquantel, yana samuwa a asibiti.

Saboda haka in an tsinci irin wannan katantanwa a gaɓa, wasa ya tsaya a busasshen rairayi. Wuraren da ruwa ya kwanta cikin ciyawa su suka fi haɗari. Ruwan wanka a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana uku, don ƙananan tsutsotsin ba sa wuce kwana biyu in ba su sami mutum ba. Busasshen ɓawo ba ya ba da ciwo, amma akwai sharaɗi: Bulinus tana iya ƙudundunewa cikin gidanta a busasshiyar laka ta yi watanni tana jiran damina, mai tsinta ya zaci fanko ce. Duk abin da yara za su kawo gida a zuba masa tafasasshen ruwa, a shanya shi sarai, a rubuta wuri da ranar da aka tsince shi, kada kuma ko ɗaya ya faɗa kududdufin gari.