Yadda Za Ka Mayar Da 'Yar Na'urar Talabijin Ta USB Ta Koma Rediyo A Kwamfutarka

Daga nan Unguwar Dosa a Kaduna nake gaishe ku. Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki sauti ba.

Yau maganar wata 'yar na'ura za mu yi, girmanta bai fi filashi ba sosai, ana soka ta a kafar USB. A kwalinta an rubuta DVB-T, wato ta kallon talabijin ce. To amma in ka saye ta a Kaduna don kallo, ka yi asarar kuɗinka. Dalili kuwa, talabijin na dijital da aka ƙaddamar a Kaduna a Disambar 2017 a kan tsarin DVB-T2 yake, ita kuwa tsohon tsarin kawai take ganewa. Abin da ya sa muke sonta daban ne: kunne ce mai faɗin gaske.

Ga yadda abin ya faro. A cikinta akwai wani ƙwaƙwalwar lantarki na kamfanin Realtek mai suna RTL2832U. Wajen 2012 wani mai rubuta manhaja ɗan ƙasar Finland, Antti Palosaari, da mutanen ƙungiyar Osmocom suka nuna cewa za a iya sa shi ya riƙa turo wa kwamfuta ɗanyen siginar da eriya ta kamo. Daga nan sai manhaja ta yi aikin da ƙarafan cikin rediyo suka saba yi. Shi ake kira SDR, rediyon da manhaja ke sarrafawa. Rediyon Baba tasha ɗaya yake ba ka a lokaci guda. Wannan kuwa zai baje maka faɗin kusan megahaz 2.4 a allo, kana ganin kowace tasha ta miƙe kamar tsauni, ka danna wadda kake so.

Kafin ka biya kuɗi, duba abu biyu. Na farko, lallai ya kasance RTL2832U ne a ciki, don ba kowace na'urar talabijin ta USB ke yi ba. Na biyu, mai kamo zangon ya zama R820T2 ko ɗan'uwansa R828D. Irin wannan yana ji daga wajen megahaz 24 har sama da 1,700.

Ku riƙe lambar nan ta 24, don a nan mutanenmu da yawa ke cizon yatsa. Gajeren zango, inda iyayenmu suka saba kamo Landan da Jamus, daga megahaz 3 ne zuwa 30, kuma tashoshin yawanci suna ƙasa da 24. Matsakaicin zango, inda Nagarta take a kan kilohaz 747, ya fi haka ƙasa. Ke nan na'urar da aka saba gani ba za ta ba ka su ba. In su kake nema, nemi RTL-SDR Blog V3 ko V4, su an gina su ne da hanyar saukowa ƙasa.

To mu zo kan haɗawa a Windows. Ka soka na'urar, amma kar ka sa faifan da ya zo a kwali, direbansa na talabijin ne. Sauke manhajar SDRSharp ko SDR++, duk kyauta ne, da kuma wata ƙaramar manhaja mai suna Zadig. Buɗe Zadig, shiga Options, danna List All Devices. A jerin ka zaɓi Bulk-In, Interface 0, ka tabbatar lambar shaidar da ta fito 0BDA 2838 ce ko 0BDA 2832, sannan ka sa mata WinUSB. Don Allah a nan a nutsu. In ka zaɓi linzamin kwamfutarka ko allon rubutu ka canja masa direba, nan take zai daina aiki, sai ka nemi mai gyara. Karanta sunan sau biyu kafin ka danna.

Wanda ba shi da kwamfuta, wayar Android ma tana yi: igiyar OTG, manhajar SDR Touch da direbanta. Sai dai tana shan caji, kuma na'urar tana ɗaukar zafi. Ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa, musamman a bazara, don zafi na sa irin masu arha su ɗan goce daga kan lamba.

Gwajin farko, FM. Zaɓi WFM a manhajar, rubuta 96.1, ka ji ko Supreme FM za ta fito. Sai ka gwada Karama a 92.1 da Freedom a 92.9, su biyun za ka gan su kusa da juna a allo ɗaya. In shiru ka ji, je wajen da aka rubuta Gain, wato ƙarfin ji, ka ɗaga shi a hankali. Kar ka kai shi ƙarshe. A cikin gari tashoshin FM na da ƙarfi, in ka cika buɗe mata kunne sai ta ruɗe, ka riƙa ganin tasha ɗaya a wuri uku.

Yanzu ga inda aikin yake, wato eriya. 'Yar tsinken da ke zuwa a kwali ta gwaji ce kawai. Lissafin mai sauƙi ne: raba 75 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon ƙarfe a mita. Na FM, wajen megahaz 100, santimita 75 ke nan. Ka yanka wayar tagulla biyu masu wannan tsawon, ɗaya a tsakiyar igiyar eriyar talabijin, ɗaya a ragar da ta kewaye ta, ka miƙe su ɗaya sama ɗaya ƙasa. Rufin kwano yana tare sigina, saboda haka fitar da ita waje, sama da rufi in da hali. Da damina kuma, da hadari ya haɗu, cire igiyar daga na'urar, tsawa ba ta da wasa.

Sai hayaniya. Inbata, cajar waya mai arha, ƙwan lantarki na zamani, na'urar cajin sola, duk suna zuba ƙara a iska. A wajena, lokacin da aka ɗauke wuta, kafin maƙwabta su tada janareto, shi ne lokacin da allo ya fi tsabta. Cire cajar kwamfuta, bar ta a kan batir, sa doguwar igiyar USB don na'urar ta yi nesa da ita, za ka ga bambanci.

Bayan FM me ake samu? Jiragen sama da yawa suna aiko da lambarsu da tsayinsu da inda suke a kan megahaz 1090. Da eriya mai santimita 7 kacal da manhajar dump1090, sai ka ga jirgin da ke ratsa samaniyar Kaduna a allo, ba tare da intanet ba. Tashar sararin samaniya ta duniya ma takan aiko da murya ko hotuna a kan 145.800 in ta zo wucewa. Ɗalibin kimiyya zai koyi abubuwa a nan da idonsa, fiye da abin da allo da alli za su ba shi. Kuma waɗanda suka ga yadda aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan a 2021 sun san darajar abin da ke kawo labari ba da data ba.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ta fi nauyi. Na'urar nan ji kawai take yi, ba ta aikawa, kuma ba za ta ba ka hirar wayar salular mutane ba, wannan a kulle take. Amma Kaduna garin soja ne. Mu nan ba mu da nisa da Kawo da tsohuwar NDA. Iska cike take da maganganun da ba da kai ake yi ba, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana tsintar saƙon da ba na jama'a ba ne ba tare da izini ba. In kana juyawa ka faɗa kan zancen jami'an tsaro, wuce. Kar ka naɗa, kar ka tura a WhatsApp, kar ka ba da labari a majalisa. Ran wani na iya rataye a kan wannan maganar. Kuma in za ka kafa eriya a sama, faɗa wa mai gida da maƙwabta ko mece ce, ka kira su su ga FM a allo da idonsu. A halin da ake ciki, bai kamata a bar mutane suna zargi ba.

Wanda ya haɗa tasa ya maƙale, ya rubuto mana sunan na'urar da abin da allon ya nuna, za mu duba tare a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai an jima.