Ƙofar iska: abin da ke gyara ko ɓata bandar kifi a tsohon murhu

Da yawanmu kan sayi tsohon murhun bandar kifi na hannu saboda sauƙin kuɗi, kuma ba laifi. Amma ka yi wata 5 ko 6 kana ciyar da tarwada, sannan dare ɗaya wuta ta cinye ribar? To, yawanci ba itace ne matsalar ba, iska ce.

Irin wannan murhun yana da mashigar iska biyu. Ta ƙasa, kusa da wuta, ita ke ƙara zafi ko rage shi. Ta sama, wurin bututun hayaƙi, ita ke fitar da hayaƙi da tururin da ke fita daga jikin kifi. Kilo 3 zuwa 4 na ɗanyen tarwada kan koma kusan kilo 1 in ya bushe. Duk ruwan nan sai ya samu hanyar fita, shi ya sa ba a rufe ta sama ruf.

Wajen kunna wuta, buɗe duka biyun. Bari itace ya kama sosai, hayaƙin farko mai kauri ya wuce, garwashi ya fara zama, sannan ka jera kifi. Sai ka rage ta ƙasa, domin a farko ana son zafi kaɗan har fatar kifin ta tsane. Bayan haka ka ƙara buɗe ta don kifin ya dahu har ciki, wajen digiri 80 zuwa 100 in kana da ma'aunin zafi. In ya dahu, sake rage ta, ka bar shi ya bushe a hankali.

Hayaƙi zai faɗa maka halin da ake ciki. In siriri ne, mai ɗan shuɗi, komai lafiya. In ya yi kauri yana turnuƙewa, wuta na neman iska ne ko itacen ɗanye ne, kuma kifin zai fito baƙi, da ɗaci. In kuwa ka ji wuta na ruri, man tarwada na ɗiga yana kamawa, iska ta yi yawa. Nan ne kifi ke ƙonewa a waje, ciki na nan da danshi. Kwana kaɗan sai fumfuna da tsutsa, mai saye ya dawo maka da kayanka.

Kada ka taɓa ƙofofin biyu lokaci guda. Motsa ɗaya kaɗan, jira minti 10, ka ga abin da ya canza. Inda ka ga ya yi daidai, sa alama da alli.

Tsohon murhu fa yana da halinsa. Ƙofa ta lanƙwashe, tsatsa ta huda gefe, sai ka rufe ta ƙasa amma wuta na ci gaba da ci, don iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Toshe ramukan da laka, ka kwashe toka kafin kowane aiki, ka kakkaɓe bututu. Lokacin hunturu, juya bakin murhu daga inda iska ke kaɗowa. Nemi busasshen itace mai ƙarfi kamar marke ko ƙirya. Katako mai fenti, roba da leda, haramun ne kusa da abincin mutane.

Ko murhun Chorkor na ƙasar Gana, wanda aka ƙirƙiro a 1969, da wannan dabarar yake aiki: rami a ƙasa, tire bisa tire su zama bututu, murfi a sama.

Shawara ta ƙarshe: kafin ka zuba kifin sayarwa, kunna murhun babu komai a ciki, sannan ka gwada da kilo 2 na cin gida. Allah ya sa albarka a sana'armu, amin.