Baƙo Da Neman Aiki A Kano: Wa Zai Tsaya Masa?

Duk wanda ya bi titin Zariya da sassafe, daga tashar Unguwa Uku zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, zai ga irin jama'ar da Kano ke haɗiya kowace rana. Wasu daga ƙauyukanmu suke, wasu kuwa sun ƙetaro iyaka: mutanen Nijar da Chadi da Kamaru, da magina daga Togo da Binin waɗanda suka yi suna wajen sa tayil da gyaran silin. Da yawa daga cikin waɗannan magina masu bi ne, ran Lahadi muna sujada tare da su a Sabon Gari, ran Litinin kuma suna kan sabbin gine-gine a Tarauni da Hotoro.

Baƙunta ba sabon abu ba ne a birnin Dabo. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa inda Larabawa fatake suka zauna. A wancan zamani baƙo ba ya shiga kasuwar Kurmi haka kawai. Sai ya sauka wurin fatoma, watau mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in magana ta taso. Wannan tsari bai mutu ba, riga kawai ya sake. Har yau mai gida a Tarauni da ke neman mai gadi, ko mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke neman yaro, tambayarsa ta farko ita ce, “Wa ya san ka?” Maganar takardar makaranta sai daga baya, in ma ta taso.

To, baƙin ma'aikata iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya ɗauko, kamar injiniyoyin Indiya da Sin da Lebanon da ke masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Shi wannan ba ya yawon neman aiki. Kamfanin ne ke neman izinin kason ma'aikata baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sa'an nan Hukumar Shige da Fice ta ba shi katin zama da aiki da ake kira CERPAC. Ko da gwamnati ta ƙaƙaba wa kamfanoni harajin ɗaukar baƙi a Fabrairun 2024, ba a yi wata guda ba aka dakatar da shi, domin masu masana'antu suna da bakin magana.

Na biyun shi ne maƙwabcinmu wanda ya sauka a tasha da jaka ɗaya, kuma shi ne ba shi da mai yi masa magana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna zaton izinin zama ne na dindindin. A'a, bayan kwana 90 sai an nemi katin zama a ofishin shige da fice. Chadi da Kamaru ma ba sa cikin ƙungiyar, Nijar kuma ta fice a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Dattawanmu ba su manta da 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, aka wayi gari makarantu da yawa babu malamansu 'yan Gana. Su ma Gana sun yi wa 'yan Nijeriya irin haka a 1969. Baƙon da ba shi da takarda, zamansa na hannun iskar siyasa ne.

Amma abin da ya fi damuna ba na gwamnati ba ne, namu ne. Wanda takardarsa ba ta cika ba yana tsoron ofishin 'yan sanda, kuma mai ba shi aiki ya san da haka. Sai a yi jinga da baki, ya gama sa tayil ɗin gida kakaf, a ba shi rabi a ce ya dawo wani mako, makon da ba ya zuwa. Mai gadi ya yi wata uku ana ce masa “ai kana cin abincin gidan.” Abin kunya, a cikin masu yin haka har da waɗanda ke zama a kujerun gaba a majami'a. Alhali Maimaitawar Shari'a sura 24 ta haɗa ɗan ƙasa da baƙo a doka ɗaya kan biyan lada a ranar da aka yi aikin, kuma duk ɗan ajin baftisma ya san yadda Laban ya yi ta sauya wa Yakubu ladansa har sau goma. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ita ma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa.

A ganina aikin fatoma ya faɗo a kan ikkilisiya, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Baƙo ya zo da wasiƙar fastonsa daga Lome ko Maraɗi, ya kamata dattawa su karɓa su bincika, kada a tsaya wa mutum don kawai ya iya waƙar sujada, gama in ya gudu da kayan mutane sunanmu duka ne ya ɓaci. In an tabbatar da shi kuwa, wani dattijo ya raka shi ofishin shige da fice, ya kuma zauna wurin jinga. A rubuta kuɗin aiki da ranar biya a takarda biyu, kowa ya sa hannu, shaida ma ya sa, baƙon ya riƙe ɗaya.