Santsi da Taɓo: Ɓarakar da Ta Cinye PRP

A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohi biyu. Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa kuma na Kaduna. Nan take suka soke haraji da jangali, abin da 'yan NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam, suka sha ɗauri da bulala a kansa tun zamanin Turawa. Kafin shekara biyu ta cika, jam'iyyar ta dare gida biyu.

Taron gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba shi ne mafarin rigimar: biyar na UPN, biyu na GNPP, sai biyun PRP. Uwar jam'iyya, da sakatarenta S.G. Ikoku, ta hana gwamnoninta halarta, don tana ganin Awolowo na UPN ne zai ci ribar zaman. Su kuwa gwamnonin suka ce NPN mai mulkin tarayya ce abokiyar gaba, kuma shugabannin PRP sun fara sassauta mata. Suka ƙi bin umarni, aka kore su a 1980. Magoya bayansu suka zama 'yan Santsi, da tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba. Waɗanda suka tsaya bayan Malam suka zama 'yan Taɓo. Hukumar zaɓe ta FEDECO ɓangaren Malam ta amince da shi.

Tushen abin ya fi wannan zurfi. Tsarin shugaba mai cikakken iko ya damƙa wa gwamna baitulmali da muƙamai, jam'iyya kuma ba ta da komai sai kwarjinin Malam. Ga tsofaffin 'yan gwagwarmaya, teloli da 'yan kasuwa da malaman zaure, suna kallon matasa 'yan boko sun mamaye gwamnatin da suka yi wa wahala. Wannan ƙorafi ba na banza ba ne, ko da yake ayyukan Rimi, musamman yaƙi da jahilci, sun shiga ƙauyuka sosai.

Sakamakon ya zo da zafi. A Yuni 1981 majalisar Kaduna, mai rinjayen NPN, ta tsige Balarabe Musa, wanda ta hana naɗa kwamishinoni tun farko. Ran 10 ga Yuli, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke a Kano, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa.

Malam ya rasu a Afrilu 1983 ba a sasanta da Rimi ba. Rimi ya ajiye mulki ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da shi a zaɓen gwamna, Kaduna kuma ta faɗa hannun Lawal Kaita na NPN. Juyin mulkin Disamba ya rufe jam'iyyu amma bai kashe gabar ba: ta sake tashi cikin jam'iyyar SDP, har ta taimaka wa Kabiru Gaya na NRC ya ci Kano a 1991.