Rajistar 'Yan Ƙungiya a Kwamfuta: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A Gusau da Tsafe da Bungudu, da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu, akwai ƙungiyoyi masu yawa, na manoma da mahauta da maɗinka da 'yan kasuwar hatsi, har da kulob na samari masu ƙwallo. Kowace tana da littafin da a ke rubuta sunayen mutanenta da kuɗin da suka biya. A 'yan shekarun nan waɗansu sun soma sha'awar su ajiye littafi su koma kwamfuta ko wayar hannu. Sau da yawa wurin Hakimi a kan fara zuwa neman shawara, wurinsa kuma a kan komo in rigima ta tashi. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su san yadda a ke shirya wannan aiki, da wuraren da ya kan lalace.

Ajiye rajista ba sabon abu ba ne. Jam'iyyun tsimi da tanadi, waɗanda yanzu aka fi kira ƙungiyoyin gama kai, sun samo asalinsu daga garin Rochdale na Ingila, inda mutum 28 suka haɗa kuɗi suka buɗe kanti a 1844. A Nijeriya an kafa musu doka a 1935, bayan binciken da wani Bature, C. F. Strickland, ya yi a 1934. Dokar Tarayya ta 1993 ta ce ba a yi wa ƙaramar ƙungiya rajista sai tana da mutum 10 ko fiye. Watau tun daga ranar farko Hukuma tana tambaya su wane ne 'yan ƙungiya, littafin nan kuwa shi ne amsa.

Shirin da a ke ɗora wa kwamfuta don ta riƙe wannan littafi shi a ke kira manhaja. Kafin a rubuta ta akwai aiki biyu, nazari da tsarawa. Magini na kirki ba ya aza tubali sai ya ga fili, ya tambayi maigida yawan iyalinsa, ya duba inda ruwa ke bi da damina. Haka mai nazari zai zauna da magatakarda da ma'aji, ya buɗe tsohon littafi, ya bi mutum guda tun daga ranar da ya shiga har ranar da ya fita. Wa ya kawo shi? Wa ya yarda da shigarsa? Nawa ne kuɗin shiga, nawa ne na wata? Wa ke karɓa, a ina, me ya ke bayarwa shaida? In mutum ya daina biya, yaushe za a ce ya fita, kuma bakin wa ke faɗin haka?

A nan ne a kan gano cewa abin da aka rubuta a dokokin ƙungiya dabam, abin da a ke yi dabam. Takarda ta ce kowa ya biya wata wata, wanda ya yi wata 3 bai biya ba a cire shi. Amma manomi ba shi da kuɗi a tsakiyar damina. Sai kaka ta yi, ya sayar da waken suya ko gyaɗa ko auduga, ya biya na shekara gaba ɗaya, wani ma da tiyar gero zai biya. Magatakarda ya san wannan, yana kau da kai. Kwamfuta kuwa ba ta san kara ba. In aka kwafe mata dokar takarda yadda ta ke, kafin watan Agusta ya ƙare ta soke rabin ƙauye, daidai lokacin da a ke neman taki. Tilas a kai maganar gaban taron ƙungiya, su zaɓi dokar da za su iya bi, kana a gaya wa mai rubuta manhaja. Wannan hukunci na 'yan ƙungiya ne, bai kamata a bar wa mai kwamfuta shi ba ko da ya fi kowa ilmi.

Bayan nazari sai tsarawa, tushenta kuwa lamba. Kowane ɗan ƙungiya a ba shi lamba ɗaya tasa shi kaɗai, ba a canza ta, ba a kuma ba wani ita ko bayan ransa. Malaman da suka ji labarin littafin haraji na zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun san dalili. A unguwa guda a kan sami Lawali biyar da Sani bakwai. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Muhammadu, gobe Mamman, jibi Mohammed. Da yawa kuma sunan garinsu suka ɗauka ya zama na biyu, har ya zamana kalmar Tsafe ko Bungudu a bayan suna ba ta raba kowa da kowa. Ga kuma alkunya: mace ta ƙi kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai a rubuta laƙabi. In da suna a ke nema, mutum ɗaya ya kan zama biyu ya karɓi rabo biyu, ko kuwa a zuba kuɗin wani a kan sunan takwaransa.

Lambar waya ba ta isa ta tsaya a madadin wannan lamba ba, gama layi ya kan ɓata, gida guda kuma su kan yi tarayya a waya ɗaya. Lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, kowace mai alƙaluma 11, suna da amfani wajen tabbatar da mutum, musamman in ƙungiya za ta nemi rance. Amma fa amana ce. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara irin wannan bayani nauyin tsare shi, da kada ya tara fiye da bukata. Kulob na ƙwallo ba shi da abin da zai yi da lambar bankin yaro.

Mai tsarawa na kirki ya kan raba littafin gida uku: na mutane, na biya, da na rabo, watau taki da iri da rance. Lambar nan ita ce igiyar da ta ɗaure su. Kowane biya layinsa dabam, da ranarsa da lambar rasit da sunan wanda ya karɓa, kuma ba a gogewa. In an yi kuskure sai a rubuta sabon layi na gyara, na farko ya zauna kowa ya gani, kamar yadda gindin rasit ke zama a littafi bayan an yage wa mai biya nasa. Manhajar da ta yarda a mai da 5,000 ta koma 500 ba tare da alama ba, littafin takarda ya fi ta aminci, don shi ko an kankare ana ganin tabo.

Akwai waɗansu gurabe da masu tsarawa daga birni su kan yi kuskure a kansu. Dattawa da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, in kuwa manhaja ta ce lalle sai rana da wata, magatakarda zai cika ta da 1 ga Janairu. Gara a bar gurbin shekara kaɗai. Batun mazauni ya fi wannan nauyi. Rashin zaman lafiya ya tashi mutane da yawa daga ƙauyukansu zuwa cikin Gusau da Tsafe da sauran manyan garuruwa, alhali gonakinsu da dagatansu suna can. Sai a yi gurbi biyu, garin asali da inda mutum ya ke zaune yau, kada ƙaura ta ci masa haƙƙi. Wanda ya rasu kuma ba a share sunansa; a rubuta ranar rasuwa a rufe lambar, abin da ya tara ya zauna a fili, domin gado ne, alƙali kuwa zai tambaya.

Kowa da mabuɗinsa: magatakarda ya shigar da suna, ma'aji ya shigar da kuɗi, shugaba ya duba duka amma kada ya taɓa. Ranar da mutum ya sauka daga muƙami a karɓe mabuɗinsa. A kuma rubuta tun farko cewa rajista ta ƙungiya ce, ba ta wanda ya rubuta manhaja ba, kuma ana iya buga ta a takarda duk ranar da aka so.

A watan Satumba na 1921 babu wanda ya san wayar hannu a ƙasar nan, amma a Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, makonni suka wuce ba kira ba intanet, kowa ya ji a jikinsa. Manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet ba ta dace da wannan ƙasa ba. A nemi wadda ke aiki a cikin na'urar kanta, ta aika da kwafi waje in layi ya samu. Kada kuma a rufe tsohon littafi ran da aka kunna na'ura. A riƙa rubuta duka biyu tun daga shuka har kaka, kana a kira taro, magatakarda ya karanta suna da lamba da abin da kowa ya biya, mai shi ya amsa da bakinsa. Inda littafi da na'ura suka saɓa, a ɗauko gindin rasit.