Yadda Za A Tokare Gajeren Tumatir Na Cikin Buhu Ko Bokiti

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a Kiru, da Bebeji, da Tudun Wada, da Doguwa, da yawa daga cikinku kun fara shuka tumatir a cikin buhu, ko bokiti, ko tsohuwar jarka a bayan ɗaki. Tambayar da ake yawan yi ita ce, shin gajeren tumatir ma sai an kafa masa sanda? Amsa ita ce, i, sai an kafa.

Tumatir iri biyu ne. Akwai mai yaɗo, wanda ba ya daina tsawo sai ya mutu. Akwai kuma gajere, kamar Roma da UC82B. Shi wannan in ya kai ƙafa 2 ko 3, sai fure ya fito a kan tsininsa, daga nan tsawo ya ƙare. 'Ya'yansa kuwa kusan tare suke girma, su nuna cikin 'yan makonni kaɗan. Watau nauyin duka a lokaci ɗaya yake sauko wa itacen.

Wani zai ce, ai tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 mutanen Kadawa suke noman irin wannan tumatir, yawancinsu kuwa ba sa kafa masa ko tsinke. Gaskiya ne. Amma a tuna, nasu a kan kunya yake kwanciya, da rani, ƙasa a bushe, saiwarsa kuma ta bazu yadda take so. Na cikin bokiti ba shi da kunyar da zai kwanta a kai. In reshe ya yi nauyi, sai ya lanƙwashe a kan bakin bokitin ya karye, ko ya tsage daga gindi. Saiwar ma a takure take, ba ta iya riƙe shi in iska ta taso. Sau da yawa bokitin ne da kansa yake kifewa. Mai kadada guda ba ya jin asarar gindi goma. Mai buhu goma sha biyu kuwa, gindi ɗaya ma babbar asara ce, balle da damina, sa'ad da tumatirin rani ya ƙare, kuɗinsa ya hau a kasuwar Kwanar Dangora.

A kafa sandar ran da aka yi dashe. Kada a jira sai ya fara fure, gama a lokacin saiwa ta riga ta cika bokitin, sandar za ta tsinke ta, itacen ya yi yaushi. Sanda mai tsawon ƙafa 4 ta isa, kaurinta kamar babban yatsa ko ta ɗan fi. Gora ta fi kyau, sai busasshen reshen darbejiya ko na turare. Karan dawa yana yi in babu wani, amma gara tana cinsa, gindinsa kuma yana ruɓewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa tun tumatir bai nuna ba. In shi za a sa, a haɗa uku a ɗaure wuri ɗaya. Mutanen Doguwa da Tudun Wada, ku lura, dajin Falgore na gwamnati ne, an hana saran itace a ciki. A nemi sanduna a shingen gona.

A bar tazarar yatsu huɗu tsakanin sanda da gindin tumatir, a tura ta har ta taɓa ƙasan bokitin. To, a nan ne matsala take. Ƙasar cikin bokiti mai lita 20 ba ta wuce ƙafa ɗaya da 'yan kai ba, ga ta da laushi saboda taki da ban ruwa. Sandar da aka kafa a ciki, in nauyi ya zo, tare da tumatirin za ta kwanta. Domin haka in bokitin a kan ƙasa yake, ya fi kyau a kafa sandar a waje, a jikinsa, a buga ta cikin ƙasa kamar taƙi ɗaya, sa'an nan a ɗaure bokitin da sandar. Ka ga an riƙe itace, an kuma riƙe mazubinsa. In a kan daɓen siminti ne, a huda bakin bokitin, a zura igiya a ɗaure sandar a nan, ko a jingina ta da bango.

Amma a ganinmu, sanda ɗaya ba ta cika wadatar da gajeren tumatir ba, gama rassansa da yawa ne, kowanne da nasa kaya. Abin da ya fi shi ne sanduna uku, a kafa su kewaye da buhun kamar duwatsun murhu. A zagaya su da igiya a tsayin taƙi ɗaya daga bakin buhun, a sake zagayawa taƙi ɗaya sama da wannan, in ya ƙara girma a yi na uku. Rassan za su kwanta a kan igiyar da kansu, ba sai an bi kowanne da ɗauri ba. Ƙungiyar da ta jera buhuna da yawa a layi, sai ta kafa turke mai ƙarfi bayan kowane buhu biyu ko uku, a ja igiya ta wannan gefe a komo ta wancan, tumatirin yana tsakiya. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, musamman in an haɗa hannu an sayi igiyar gaba ɗaya.

Wajen ɗauri, a yi amfani da tsumma ko igiyar rama. Waya da siririn zaren buhu suna yanka jikin itacen, ciwo ya shiga ta wurin. A fara ɗaure tsumman tam a jikin sanda, sa'an nan a gicciya shi a zagayo tumatirin sako-sako, yadda yatsa zai iya shiga, domin jikinsa zai ƙara kauri. A ɗaura a ƙarƙashin reshen da yake ɗauke da 'ya'ya. A duba kowane mako.

Wani kuskure da ake yi shi ne fige 'yan rassan da suke fitowa a hammatar ganye. Wannan aikin mai yaɗo ne. Gajeren tumatir a kan waɗannan rassa yake yin 'ya'ya, wanda ya cire su ya rage wa kansa amfani. Ganyen kuma shi ne inuwar 'ya'yan, in babu shi rana takan ƙona su su yi fari a gefe ɗaya. Ganyen ƙasa kaɗai za a cire, wanda ya taɓa ƙasa ko ya yi rawaya.

Bayan an gama tsinka, kada a bar busasshen itacen a jikin sanda. Tsutsar nan da ake kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016, tana ɓuya a cikin tsohon ganye da ƙasar gindinsa. A tuge itacen a ƙone shi tare da tsummokaran. Sandunan kuwa a kankare su, a shanya a rana kwana biyu ko uku, a ajiye a bisa rumfa inda gara ba za ta kai ba. Ƙasar buhun a juye ta a gonar masara ko dawa, a zuba sabuwa kafin dashe na gaba.